BAZARA DA TSUFA: INA ZA MU KAI KAWU YA SHA ISKA?

 A wannan fitowa mun ɗan jingine zancen samari da 'yammata a gefe, domin mu waiwayi waɗanda suka riga mu sanin daɗin soyayya, wato iyayenmu da suka gama bauta wa ƙasa suka ajiye aiki. Magana ce a kan zafin bazara da kuma wurin da ya kamata dattijo da matarsa su fake kafin ruwa ya sauka. Abin ya faru a gidanmu ne, shi ya sa na ce bari in ba ku labarin yadda muka yi, ko wani ya tsinci abin amfani a ciki.

Kawuna tsohon malamin makaranta ne, haifaffen Yelwa ta ƙasar Yawuri, amma aiki ya zaunar da shi a Sakkwato tun yana saurayi. Ko da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, shi ya riga ya yi gida da iyali a can. Ya cika shekara 35 yana aiki, aka sallame shi da 'yar garatutinsa, ya koma zaman ƙofar gida da rediyo da carbi. Matarsa, wadda duk dangi muke kira Hajiya, sun fi shekara 40 tare, kuma har yau ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai Malam.

RANAR DA HANKALINMU YA TASHI

Azumin 2024 ya faɗo tsakiyar bazara, kowa ya san yadda aka ji a jika. A farkon watan Afrilu na shekarar ma'aunin zafi a Sakkwato ya haura digiri 44. Wata ranar da la'asar sakaliya Kawu ya miƙe zai yi alwala, sai jiri ya kwashe shi ya zube a bakin rijiya. Hajiya ta ce ko da ta taɓa shi jikinsa kamar garwashi, amma babu ɗigon gumi, yana ta sambatu yana kiran sunayen ɗaliban da ya koyar shekaru 30 da suka wuce. Allah Ya taimaka maƙwabta suna kusa, aka yi ta zuba masa ruwa ana fifita, aka garzaya asibiti. Sai da ya sha leda huɗu ta ƙarin ruwa kafin ya gane wanda ke kansa.

Likitan da ya duba shi ya zaunar da mu ya yi mana bayanin da ban manta ba. Ya ce jikin tsoho ba ya fitar da gumi kamar na yaro, alhali kuwa da gumi jiki ke sanyaya kansa. Sannan tsoho ba ya saurin jin ƙishirwa, sai ruwan jikinsa ya yi ƙasa sosai bai sani ba. Daɗin daɗawa, cikin magungunan hawan jini akwai masu sa yawan fitsari, ga mai ciwon suga ma haka abin yake. Idan zafi ya yi yawa zuciya ce ke shan wahalar tura jini zuwa fata, to zuciyar da ta yi shekara 70 tana bugawa ina ta ga wannan ƙarfi? Ya ƙara da cewa zafin dare ya fi na rana illa, domin da dare ne jiki ke hutawa, idan ɗaki bai huce ba gajiyar jiya ce za ta hau ta yau. Game da azumi kuwa ya ce Kawu ya tuntuɓi malamai, addini ya yi wa tsoho da mara lafiya rangwame.

Daga baya muka ji a rediyo ashe mu Allah Ya rufa mana asiri. A wannan makon dai garin Kayes na ƙasar Mali ya ga digiri 48.5, kuma asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga gawa 102 a kwana huɗun farko na watan, fiye da rabinsu sun haura shekara 60. Ko Turawa da muke ganin sun fi mu kayan jin daɗi, zafin 2003 ya kashe kusan mutum 15,000 a Faransa, galibinsu tsofaffi.

TARON IYALI

Bayan Sallah aka tara 'ya'ya da 'yan'uwa a falon Kawu. Kowa ya yarda ba zai sake yin bazara a wannan gida mai rufin kwano ba. Inda aka rabu shi ne ina za a kai shi.

Babban ɗansa, wanda muke kira Yaya Babba, ya ce Jos. Ya ce zai kama musu ɗaki biyu da falo duk shekara daga Maris zuwa Mayu.

Kawu ya gyara zama ya ce, “Ni kam gida zan koma. Ina da sauran kuɗin sallamata, zan sayi fili a bakin ruwa wajen Wara in yi ɗan gini. Ku ba ku san iskar gulbi ba ne. Muna yara da azahar muke faɗawa ruwa, mu fito muna rawar ɗari.”

Hajiya dai ba ta tanka ba, tana ta jan bakin mayafinta. Sai da aka watse na bi ta ɗaki, na ce, “Hajiya, ke ba ki ce komai ba.”

Ta ce, “'Yar nan, me zan ce? An tambaye ni ne? Shi Malam yana tuna ruwan da ya yi wanka yana ɗan shekara goma. Ni ce zan ɗebo ruwan, ni ce zan hura wutar, ni ce kuma zan tashi tsakar dare in ciwo ya motsa. In ya faɗi a can, wa zan ƙwala wa kira?”

Jama'a, wannan tambaya ta Hajiya ita ta sa na ce kada a sayi ko taku ɗaya na fili sai an je an gani da ido, kuma a tsakiyar zafin. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Aka yi shawara a bari sai wata bazarar.

MUN KAMA HANYAR YAWURI

Kwana kaɗan bayan ƙaramar Sallah ta 2025, farkon Afrilu, muka ɗauki hanya mu huɗu: Kawu, Hajiya, ni da direba. Muka bi ta Jega, muka wuce Koko, muka ratsa ƙasar Shanga, muka sauka Yelwa da yamma.

Ga wanda bai san wurin ba, masarautar Yawuri tana kudancin Jihar Kebbi, ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku: Yawuri, Shanga da Ngaski mai hedikwata a Wara. Tsohuwar masarauta ce da ake lissafawa cikin Banza Bakwai, tsohon birninta shi ne Birnin Yawuri, kafin fada ta dawo Yelwa a 1888. Ƙasa ce ta Gungawa da Kambari da Shangawa da Dukawa da Hausawa da Fulani, ga kuma Sarkawa masunta. Kogin Kwara, wanda 'yan boko ke kira Neja, shi ne ran ƙasar. An fara ginin madatsar ruwa ta Kainji a 1964 aka gama a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon kusan kilomita 135, wanda kansa na arewa ya taɓo Yelwa. Ruwan ya cinye gungaye da ƙauyuka da yawa har da tsohon garin Busa, aka tashi mutum sama da 40,000 aka sake musu matsuguni.

Washegari da hantsi muka gangara bakin ruwa. Wallahi masu karatu wurin akwai kyau. Ga jirage jere ana sauke buhunan albasa, ga mata suna shanya warangi, ga giwan ruwa da tarwaɗa da kurungu a faranti, ga ƙamshin banda. Kawu ya cire hula, iska na kaɗa masa furfura, ya dubi Hajiya ya ce, “To, kin ji abin da nake gaya miki?” Ita ma sai da ta yi murmushi.

Amma da azahar ta yi muka koma masauki cikin gari, tafiyar da ba ta fi minti goma a mota ba, sai muka tarar da zafin da muka baro a Sakkwato yana jiranmu a bakin ƙofa. Da dare kuwa sai abin ya ƙara da wani nau'i: jiki ya yi ta naso, riga ta manne a baya, ga sauro yana busa a kunne. Wutar lantarki ta zo ta koma tun kafin mu yi isha'i, duk da cewa madatsar da ke ba ƙasa wuta tana maƙwabtaka da mu.

GASKIYAR ISKAR BAKIN RUWA

Wani ɗan'uwanmu malamin labarin ƙasa a sakandare shi ya warware mana abin. Ya ce ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi kamar ƙasa. Da rana ƙasa ta yi zafi, iskar da ke kanta ta tashi sama, sai mai ɗan sanyi ta taso daga kan tafki ta maye gurbinta. Ita ce iskar da ta kaɗa wa Kawu furfura. Sai dai ba ta nisa, da ka bar gaɓa ka shiga cikin gine-gine ta ƙare. Da dare kuma ruwan ne ke sakin zafin da ya tara, ga damshin da ke cikin iska yana hana gumi bushewa, gumin da bai bushe ba kuwa bai sanyaya kowa ba.

Ya ce abin da ke kawo sanyi na gaske shi ne tudu. Duk mita 1,000 da mutum ya hau sama, zafi na raguwa da kusan digiri 6. Yelwa da Wara kuwa a kwari suke, cikin kwarin Kwara, don haka a Maris da Afrilu zafin rana yakan kusanci digiri 40, wani lokaci ya wuce. Inda Yawuri ta fi Sakkwato shi ne ta fi ta kudu, ruwan sama na riga sauka, ga itatuwa sun fi yawa. Sau da yawa mutanen Yawuri sun yi shuka na Sakkwato na kallon sama. Ke nan bazararta ta fi gajarta, ko da ba ta fi sauƙi sosai ba.

A kwana na uku muka nufi Wara don ganin filin da aka yi wa Kawu tayi. A can ya haɗu da wani abokinsa na ƙuruciya, tsohon masunci, suka rungume juna har da ƙwalla. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya kama hannun Kawu ya kai shi filin, ya nuna masa wani layi a jikin kututturen itace, sama da ƙugun mutum.

Ya ce, “Malam, ka ga wanga zane? Nan ruwa ya tsaya shekarar da ya yi hushi. Kai ka zo da rani ka ga gulbi ya ja baya, ka ɗauka wurin naka ne. Aro ya ba ka.”

Ashe tafkin yana da lokacin cika da lokacin janyewa. Ruwa biyu ke shigo masa a shekara. Akwai farin ruwa, na daminar ƙasarmu, mai zuwa wajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga duwatsun ƙasar Gini, ya yi watanni a hanya, ya iso da hunturu. Daga nan sai tafkin ya yi ta ja baya har damina ta kankama, ya bar fadama mai albarka inda ake noma. Wanda bai san wannan ba sai ya yi gini a hanyar ruwa. Ambaliyar 2012 da ta 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, sun isa darasi.

Tsohon ya kuma nuna mana irin gidajen da gwamnati ta gina wa mutanen da aka tasa lokacin madatsa, na bulon siminti da rufin asbesto. Ya ce da aka kawo iyayensu, da yawa sai da suka yi ɗakunan ƙasa da na ciyawa a gefe, domin su ne suka san yadda ake kwana da bazara. Wannan magana ta tsaya mini a rai.

ABUBUWAN DA BA A FAƊA A WAJEN TAYIN FILI

Bakin ruwa gidan sauro ne, zazzaɓin cizon sauro kuwa ba ya yi wa tsoho da sauƙi. Wankan gulbin da Kawu ke marmari shi ke kawo tsargiya, wato fitsarin jini, domin ƙwayar cutar na zaune a jikin dodon koɗin da ke ruwa mara gudu. Idan kuma aka ce gidan a gungu yake ko a tsallake, to duk fita sai da jirgi. Mutanen Ngaski ba za su manta da ranar 26 ga Mayu 2021 ba, ranar da jirgin da ya ɗebo mutum sama da 150 daga Jihar Neja zuwa Wara ya nutse, kaɗan ne suka tsira. Allah Ya jiƙansu. Duk wanda zai hau jirgi ya nemi rigar kariya, ya guji jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima da kuma tafiyar dare.

Sai maganar tsaro, wadda ba a so a faɗa amma dole a faɗa. A ranar 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashi ɗalibai da malamai. Saboda haka kafin a kai dattijo wani ƙauye, a tambayi mutanen wurin halin da ake ciki a wannan lokacin, kada a dogara da labarin bara. Sabon gini shi kaɗai a bayan gari, an kuma san mai shi ya karɓi kuɗin sallama, ba dabara ba ce.

Ga kuma asibiti. A cikin Yelwa akwai babban asibiti, amma ciwon da ya fi ƙarfin nan sai Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, tafiyar sa'o'i. Ga mai hawan jini, tazarar da ke tsakanin gadonsa da likita ita ce abin farko da za a auna, kafin a auna faɗin fili.

MUN LEƘA JOS

Don kada Yaya Babba ya ce ba a yi masa adalci ba, ƙarshen watan muka kai su Jos suka yi kwana goma. Tafiyar yini guda ce cur, Kawu ya isa ƙafafu a kumbure. Amma maganar sanyi kam babu musu. Jos tana kan tudu mai kusan mita 1,200, shi ya sa tun zamanin Turawan mulki da masu haƙar kuza suke zuwa can hutu. Dabarar tsohuwa ce a duniya: Ingilishi a Indiya sun mayar da garin Shimla na kan dutse hedikwatarsu ta lokacin zafi tun 1864, haka mutanen Makka suka daɗe suna haurawa Ɗa'ifa idan zafi ya tsananta. A ƙasarmu akwai ma inda ya fi Jos sanyi, wato tsaunin Mambila a Jihar Taraba, wajen Gembu, inda ake noman ganyen shayi, sai dai nisa da hawan dutsen ba na kowane tsoho ba ne.

Daren farko Kawu ya yi barcin da ya ce rabonsa da irinsa tun yana aiki, har da jan bargo. Kwana uku yana yabon wuri. A na huɗu gwiwoyinsa suka fara ciwo, sanyin ƙashi ya motsa. A na shida na same shi zaune a baranda shi kaɗai, rediyo a kashe.

Na ce, “Kawu, lafiya?”

Ya ce, “Lafiya lau ɗiyata. Sai dai tun da muka zo ba wanda ya yi sallama ya ce Malam yana ciki? In na je masallaci a gaisa a watse. Ko mutuwa aka yi a unguwar nan ban san gidan da zan je gaisuwa ba.”

Hajiya ma ta ce kullum tunaninta na wajen jikoki. Ga tsadar haya da ta abinci, kuɗin wata uku ya kusa cinye fanshon rabin shekara. Ga shi kuma Jos ta sha rikice-rikice a 2001 da 2008 da 2010, don haka baƙo sai ya san unguwar da zai sauka, ya fi kyau ya sauka kusa da nasa. Wanda ke da ɗa ko ɗan'uwa a can, kuma aljihu ya yarda, Jos wuri ne mai kyau ƙwarai. Su Kawu dai ba su da kowa.

YADDA AKA ƘARE

A hanyarmu ta dawowa ne, muna cikin mota, Kawu ya yi abin da ya kamata a yi tun farko. Ya juya ya ce, “Hajiya, ke ina kike so?”

Ta yi shiru kamar ba ta ji ba, can ta ce, “Sai yau ka tuna, Malam?” Muka yi dariya har direba. Sannan ta ce, “Ni na ga wuri tun ranar da muka sauka Yelwa, kai ne idonka ke kan ruwa. Soron mahaifinka.”

Ashe ranar da muka shiga tsohon gidansu gaisuwa, ita ta lura da abin da mu ba mu lura ba. Soro ne na ƙasa mai kaurin bango, rufin azara, ga ƙatuwar bishiyar mangwaro da dogon yaro biyu sun yi masa rumfa. Ta ce da azahar ta shiga ta yi salla a ciki, ta ji kamar an sa ta a randa. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye zafin rana a hankali, kafin ya ratsa ciki rana ta faɗi. Gidan na cikin gari kan tudu, ruwa bai taɓa zuwa ba, masallaci na ƙofar gida, asibiti ba nisa, ga ƙannen Kawu biyu da iyalansu a ciki. Bakin ruwa kuwa ɗan acaɓa zai kai shi ya sha iskarsa da yamma ya dawo.

Kuɗin da za a sayi fili a yi gini, ko kashi ɗaya cikin huɗu ba a kashe ba. Aka yi wa soron yaɓe, aka fasa taga biyu masu kallon juna don iska ta ratsa, aka sa musu raga. Aka gyara makewayi aka sa ƙarfen dafawa. Yaya Babba ya sayo faifan sola da batir da fanka biyu, aka kafa rumfar zana a tsakar gida don kwanan waje cikin gidan sauro. Hajiya ta kafa sharaɗi uku: za su zo tare su koma tare, jika ɗaya zai riƙa biyo su lokacin hutu, kuma Malam ba zai hau jirgi ba sai da saninta. Kawu ya ce ya ji ya karɓa, har yana tsokanarta wai ko ranar ɗaurin aure ba a gindaya masa sharuɗɗa haka ba.

GA MAI SHIRIN YIN IRIN WANNAN

'Yan'uwa, abin da na koya ke nan. Kada a zaɓi wuri da hunturu ko da kaka, lokacin ko'ina daɗi ne da shi. A je a Afrilu, a zauna a ɗakin da ƙarfe biyu na rana, a kuma kwana a ciki. A fara da aro ko haya kafin a taɓa kuɗin sallama, domin ba a karɓarsu sau biyu. A duba rufi da inuwa da taga kafin a duba fenti. Idan kwano ne a yi masa silin, a shafa masa farin fenti ta sama. A san inda za a sami magani da likita, a tafi da katin asibiti da maganin da zai isa, a kuma san yadda za a yi idan an kira tantance 'yan fansho. A guji cunkoson mutane a ɗaki ɗaya mara iska, domin bazara lokacin sanƙarau ce, waɗanda suka ga annobar 1996 sun sani. A ajiye randa kusa da dattijo, a riƙa miƙa masa ruwa ko bai nema ba. In aka ga ya rikice, ko jiki ya yi zafi babu gumi, a kai shi inuwa, a jiƙa shi, a yi fifita, a nufi asibiti ba tare da jira ba.

Ku kuma 'ya'ya, kada ku yanke wa iyaye hukunci kamar kaya za ku aika. Kai kuma maigida, ka tambayi wadda za ta zauna da kai. Idan mata biyu ne ko uku, a zauna a tsara yadda za a yi tafiyar bisa adalci, kada neman sanyi ya hura wuta a gida.

Ranar da za mu baro su a Yelwa bayan an gama gyara, na leƙa tsakar gida da magariba. Kawu na kishingiɗe a tabarma ƙarƙashin mangwaro, tsofaffin ɗalibansa biyu da suka ji labarin zuwansa sun zo gaisuwa da ƙullin kifi, Hajiya na gefe tana dama fura, da ɗaya hannun tana yi masa fifita ba tare da ta dube shi ba. Ya ɗago ya ce mini, “Ɗiyata, ki gaya wa yayanki ya kwantar da hankalinsa, na sami Jos ɗina.”

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya ba mu ikon kyautata musu, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Ya jiƙansu. Masu irin wannan labari daga Argungu, Zuru, Kontagora ko wani wuri, ƙofarmu a buɗe take, ku rubuto mana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.